Ungulayen Gindin Rimi

Ranar Talata da hantsi aka tsinci ungulaye a gindin rimin da ke bayan mayankarmu, can gaba da Akinyele, sun fi goma, duk an sare musu kawuna. Kafin azahar labari ya shigo Sabo, unguwarmu ta Hausawa a garin Yarabawa, a bayan babur ɗin okada. Kafin la'asar kuwa an gama shari'a a teburin mai shayi: Ɗanliti mai magani ne ya aikata. Mutanen unguwarmu ba sa ɓata lokaci wajen gano mai laifi, muddin mai laifin ba shi da kowa.

Sunana Babandi, bin sawu ne sana'ata. In saniya ta ɓalle daga kara, kasuwar shanu, ta faɗa gonakin Yarabawa, ko wani ya kora ta da gangan, ni ake nema. Da shanu na saba, ban taɓa zaton zan tsuguna a kan mushen ungulu ba.

Abin ya samo asali ne daga Khairunnisa, 'yar unguwarmu da ta yi karatun dabbobi, take aiki da wata ƙungiyar kare namun daji. Ita ta tara mu ta ce ungulaye sun kusa ƙarewa, 'yan tsirarun da ke kwana a rimin nan suna cikin na ƙarshe a yankin. Ta ce su ke share ƙazantar mayanka, wadda in ta ruɓe mu za ta kwantar a asibiti. Ta nemi mahauta da 'yan kara da masu rumfuna su riƙa ba da ɗan abu duk mako, a kewaye rimin a ɗauki mai gadi, ƙungiya ta cika sauran. Alhaji Maharazu, Sarkin Fawanmu, shi ya fara miƙa hannu, aka ba shi shugabancin kwamiti, aka ɗauke shi hoto. Wasu suka biya suna gunaguni. Irinmu muka riƙa canza hanya in mun hango mai karɓa. Ɗanliti kaɗai ya miƙe a tsakiyar taro.

"Kwatar ƙofar gidana ta shekara a toshe, ba wanda ya kafa mata kwamiti," in ji shi. "Yanzu ungulu zan ciyar? Ko sisi, wallahi. Alhaji, in hoto kake so ka ɗauka da kuɗinka."

Wannan maganar ce ta dawo ta cije shi. Ga ta, ga shi mai sayar da saiwoyi da ɓawon itace, kowa kuma ya san akwai masu neman kan ungulu don tsubbu. Dattawa suka zauna a zauren mai unguwa, Malam Sharfuddeen, suka ce kai shi wurin 'yan sanda zai jawo wa Hausawan Sabo zagi a gari. Gara ranar Juma'a bayan masallaci a sa shi a mota a tashar Ojoo a mayar da shi gida. Gida! Mutumin da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, bai taɓa haye gadar Jebba ba.

* * *

Matarsa Huseina ce ta aiko a kira ni. Fura take damawa a cikin gida ana sayar mata, ba ta fita. Daga bayan labulen zaure ta yi mini magana.

"Malam Babandi, bakin mijina ya fi kuɗinsa yawa, wannan kowa ya sani. Amma kaza ma ba ya iya yankawa, maƙwabci muke kira. Tun safe ba wanda ya aiko sayen furata. Ina za mu? Wa muka sani a Arewa?"

"Ban san aikin tsuntsu ba, Huseina."

"Ai ba tsuntsu na ce ka bi ba. Wanda ya kashe su da ƙafa ya je."

Gaskiya ta faɗa. Na wuce zauren mai unguwa, inda aka zaunar da Ɗanliti a kan tabarma, an ce kada ya kuskura ya buɗe rumfa. Na zaci zan tarar da shi a karye. Ina! Ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cin goro.

"Sun turo ka ka lallashe ni in amsa laifi, abi?"

"Matarka ta turo ni. Daren Litinin da safiyar Talata ina kake?"

"A ɗakina. Shaidata matata, an ce shaidarta ba ta ci."

"An ce an ga gashin ungulu a rumfarka."

"Na zabo ne! Mutanen da ba su bambance zabo da ungulu ba su ne za su kore ni daga garin ubana." Ya tofar da goro. "Ka ji, Babandi, ban taɓa harkar ba, amma na san masu yi. Ba sa barin ƙafa, ba sa barin zuciya, ko gashi ba sa bari. Wa zai ɗauki kai kawai ya jera sauran a bakin hanya kamar mai talla?"

Malam Sharfuddeen ya tare ni a ƙofa, ya ce magana ta riga ta ƙare, kada in tayar da ita. Na ce, "Ranka ya daɗe, yawo kawai zan je." Ya san ƙarya nake, ni ma na san ya sani.

* * *

Da safe na hau keke mai ƙafa uku zuwa Ojoo, na kama okada zuwa mayanka. Khairunnisa na gindin rimin. Ta lulluɓe tsuntsayen da tamfol tana jiran likitan ƙungiyarsu, ba ta bari an motsa ko ɗaya ba. Idanunta sun yi ja.

"Baba Babandi, kai ma kallo ka zo? Kai da ka ƙi biya?"

"Ƙin biya daban, kisa daban, 'yata. Ɗaga mini tamfol ɗin."

'Yan kallo sun riga sun tattake wurin kamar an ci kasuwa, don haka ban ɓata lokaci a kan ƙasar fili ba. Tsuntsayen na duba. Babu fallatsin jini ko kaɗan, ashe sun riga sun mutu aka sa musu wuƙa. Babu ragowar naman da suka ci, ashe ba a nan suka mutu ba. Yankan kuma ja ɗaya ne, daga gaba, da wuƙa mai kaifi. Na ja da baya na kalli yadda suke kwance, na kalli inda rana take. Na koma na ɗaga fiffike ɗaya, na ɗaga na biyu, na mirgina tsuntsun na duba jar lakar da ke ƙarƙashinsa. Na roƙi Khairunnisa ta ɗauki hoton komai, ta kuma ba ni aron fiffiken a leda.

"Me ka gani?"

"Tukuna. Wa ke da gonar can?"

Wani tsohon Bayarabe ne mai rogo, wanda wasu mahauta suka so su laƙa wa abin saboda yana feshi. Khairunnisa ta yi mini tafinta, don Yarabancina na ciniki ne kawai. Tsohon ya fusata, ya jawo galan ya nuna mana, maganin ciyawa ne, kuma rabonsa da feshi tun farkon damina. Har mun juya ya kira mu. Ya ce abu ɗaya ya ba shi mamaki: karensa da ba ya wuce mushe, tun Litinin in sun zo kusa da kwazazzabon can sai ya yi atishawa ya koma.

A bakin gonar na tsinci abin da na saba da shi, shatar jan saniya a ƙasa, da sawun samari masu ja. Na bi ta cikin ciyawa har kwazazzabo. Tun kafin mu gan ta wari ya buge mu, kuma ba warin ruɓa kaɗai ba. Farar saniya ce, an ci cikinta, amma babu ƙuda ɗaya mai tashi a kanta. Duk suna ƙasa a mace, baƙi ƙirin. Ga gashin ungulu ko'ina, ga inda suka yi ta birgima.

"Fiya-fiya," na ce. Maganin ƙwarin nan ne da muke zuba wa kuɗin cizo. "Amma da wannan warin yaya aka yi suka ci?"

Khairunnisa ta toshe hanci da mayafi. "Ungulunmu da ido take neman abinci, Baba, ba da hanci ba."

* * *

Shaidar da ke cinyar saniyar ta kai ni wurin Isiyaku dillali, wanda shi ma ya sha cewa bai ga dalilin ciyar da tsuntsu mai cin kashi ba. Na tarar da shi a kara, ga kwalbar fiya-fiya a jingine da turke. Na ce a raina, to, an gama.

"Ba saniyata ba ce," in ji shi tun ban tambaya ba.

"Wace saniya? Ai ban ce komai ba."

Ya cire hula ya share gumi. "Oga Babandi, ejo, don Allah, kada ka sa ni a wahala. Tawa ce. A tirela ta galabaita, ana sauke ta ta cika, ba a kai ga sa mata wuƙa ba. Na yi shiru ne don kada a ce shanuna na da cuta."

"Kwalbar fa?"

"Ta kaskar garke ce, duba, ko buɗe ta ban yi ba." Na duba, hatiminta na nan. "Kai ma ka san doka. Mushe ba na dillali ba ne. Da ta faɗi na sanar da Sarkin Fawa, ya sa yara suka ja ta. Daga nan ban san komai ba."

Haka dokarmu take tun kakanni. Duk dabbar da ta mutu ba yanka, a hannun Sarkin Fawa take, shi zai tabbatar ba ta shiga kasuwa ba.

Alhaji Maharazu na zaune a bayan teburinsa a rumfar mayanka, babbar riga ta rufe shi har ƙasa. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa a kawo mini balangu. Ya ce saniya kam an jefar, shi bai ƙara bi ta kanta ba. Ya ce abin Ɗanliti ya dame shi ƙwarai, amma mutum ya riƙa tauna magana. Ina ta cewa haka ne, haka ne. Ban kalli fuskarsa ba, don fuska ba aikina ba ce. Daɓen rumfar a jiƙe yake, na bi sawun da ya shigo daga ƙofa da ido har inda ya ƙare a ƙarƙashin teburin. Na ajiye balangun. Mutumin nan shi ya yanka ragon sunan 'ya'yana duka.

* * *

Ranar Alhamis bayan azahar na roƙi mai unguwa ya tara mutane. Ya ƙi, sai da na ce to zan faɗi abin da na gani a teburin mai shayi. Zauren ya cika: dattawa, mahauta, Isiyaku a raɓe, Alhaji Maharazu kusa da mai unguwa, Khairunnisa a bakin ƙofa, Ɗanliti a tsakiya kamar kayan gwanjo.

Na ba su labarin saniyar da fiya-fiya. Na ce a kwazazzabo tsuntsayen suka mutu, wani ya kwaso su ya kawo gindin rimi don kada a gano saniyar, ya sare kawunan don a ce aikin masu tsubbu ne.

"To ai Ɗanliti na iya yin duk wannan," in ji wani mahauci.

"Khairunnisa, zagaya da hoton." Ta bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. "Ku duba yadda suke kwance. Kowanne a kan gefen hagunsa, kowanne wuyansa na kallon gabas. Mushe ne fa, mushen ungulu. Wa ke juya mushe ya kalli alƙibla kafin ya sa masa wuƙa?"

Na zaro fiffiken daga leda na shimfiɗa, dattawa suka ja da baya suna a'uziyya.

"Ga laka a kai, sawun takalmi ne. Mai yanka kaza yana take fiffike da ƙafa ɗaya, ya take ƙafafu da ɗaya, don kada ta yi fizge-fizge. Wannan tsuntsun ya daɗe da mutuwa, ina zai fizge ya je? Mutumin bai yi tunani ba ne, jikinsa ne ya yi abin da ya saba tun yana yaro. Ɗanliti kuwa maƙwabci ke yanka masa kaza."

Mahauta suka yi caa. Wai na zagi sana'a, wai nawa aka biya ni, wai daga yau kada in ƙara taka mayanka. Na bar su suka gaji. Raina ya ɓaci ƙwarai, don jiya-jiya bakunan nan suke cewa a kori bawan Allah, ba wanda ya nemi hujja.

"Ban ce dukkanku ba," na ce. "A kan fiffike takalmin roba ne na shiga ruwa, ƙafar hagu. A ƙarƙashin tsuntsun kuma, inda 'yan kallo ba su taka ba, ƙafar dama silifa ce, mai ita yana dogara dunduniya don yatsun ba sa son ƙasa. Takalmi ɗaya, silifa ɗaya. Jiya na sake ganin sawun nan a daɓen mayanka." Na juya. "Alhaji, yaya ƙafa?"

Alhaji Maharazu ya janye rigarsa. Ƙafar dama a naɗe take da bandeji, ta kumbura.

"Sa ne ya taka ni," ya ce a hankali. Sai kuma muryarsa ta tashi. "E, ni na zuba! Kun manta bara? Wasu 'yan iska suka sace mushe daga kwazazzabon nan suka kai cikin gari, aka wayi gari ana cewa Hausawa na sayar da mushe, muka yi makonni nama na kwana. Na rantse ba za a sake ba. Kananzir muke zubawa mu ƙona, ranar babu, ga ruwan sama. Na ce warin wannan zai kori kowane ɓarawo. Ina na san tsuntsayen za su ci?"

"Wannan kuskure ne, Alhaji, kowa zai fahimta," in ji Khairunnisa. "Da ka faɗa mini da mun san abin yi. Kawunan fa?"

"Ni ne shugaban kwamiti," ya ce. "Da wane ido zan kalle ku?" Bai kalli Ɗanliti ba.

* * *

Nan take dattawa suka shiga aikin da suka fi iyawa. A rufa asiri. Alhaji babba ne, niyyarsa alheri ce, ƙaddara ce. Khairunnisa ta ce rahotonta gaskiya zai faɗa, kuma daga yau ba ta son taron kuɗi ana hoto. A haƙa rami mai zurfi na mushe, a hana zuba guba, wannan ya fi mata mai gadi. Mahautan da suka fi kowa gunagunin biya suka fi kowa saurin cewa sun yarda, har da masu alkawarin kawo shebur.

Malam Sharfuddeen ya gyara murya. "To, alhamdu lillahi. Ɗanliti, maganar mota an janye. An yafe maka, ka koma rumfarka. Sai dai kai ma ka ɗan sa wani abu a aikin ramin, don a ga zuciyarka fari."

"Ba zan sa ba," in ji Ɗanliti. "Ran da na ga dama na ba da, ran da ban gani ba na hana, kuɗina ne. Amma ba wannan ba, ranka ya daɗe. Me aka yafe mini?"

"Kai dai an wuce wurin."

"Ba a wuce ba. Me na yi da aka yafe?"

Daidai nan aka kira la'asar. Mutane suka miƙe da murna, sun sami mafita. Ɗanliti ya riga su ƙofa. Ya tsaya a tsakiyarta, ya dafa gefe da gefe, siririn mutum da iska ma za ta iya turewa.

"Matata ta ɗaure kayanmu tun jiya tana kuka. 'Yata ta tambaye ni ko a Kano ana jin Yarabanci. A layin nan aka yanke mini cibiya, kun zauna kun ce ba garina ba ne. Ba wanda zai fita ya je ya yi wa Allah sujada sai an faɗi abin da aka yi mini da sunansa."

"Ɗanliti, salla fa!" in ji wani.

"Ni ma ita zan yi. Ku faɗa mu tafi tare."

Wani saurayin mahauci ya yunƙuro zai ture shi. Ban san lokacin da na tashi na tsaya kusa da Ɗanliti ba, kafaɗa da kafaɗa, ƙofar ta cike. Na san mahauta ba za su ƙara ba ni aiki ba, ban kuma damu ba. Ladan ya gama kira, muna jin takun mutane a waje suna wucewa masallaci. Malam Sharfuddeen ya kalli dattawa, kowa ya sunkuyar da kai. Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe, ya tako har gaban Ɗanliti.

"Ba ka yi komai ba," ya ce. "Mu muka zalunce ka. Sabo garinka ne."

Ɗanliti bai matsa daga ƙofar ba.

"A ƙara ɗaga murya, ranka ya daɗe," ya ce. "Na waje ba su ji ba."